Tsarabar Arlit

Shekaranjiya da hantsi ina tsaye bakin tasha ina jiran saƙon yadi, sai iska ta kawo mini ƙamshin tumu. Wata mata ce ta sauko daga motar kudu da zangarniyar gero uku a hannu, ta roƙi mai shayi ya bar ta ta ɗora su bisa garwashinsa. In kai ɗan kudu ne za ka ce mene ne abin tsayawa a kan tumu, sabon gero ne kawai da ake babbakawa a murje a watsa baki. To, mu nan Arlit ba a shuka gero. Ƙasarmu dutse ce da rairayi, abin da ke cikinta ba a cin shi. Na tsaya wurin kamar an dasa ni, har mai saƙon ya kira ni sau uku ban ji ba. Ina da shekara goma sha ɗaya na fara cin tumu, kuma ranar da na ci shi ba ranar cin abinci ba ce.

A nan aka haife ni, a gidajen kamfani da muke kira site, inda ruwa ke zuwa a famfo kuma wuta ba ta ɗaukewa. Babana yana aiki a ramin ma'adini na Akokan, ya shiga ƙasa da safe ya fito da yamma da hular kwano a kai. Abincinmu daga shagon kamfani yake zuwa: shinkafa, makaroni, madarar gwangwani, sardin. Ni a zatona haka duniya take ci. Sai da kakata, mahaifiyar baba, ta zo zama da mu na san akwai masu yi mana kallon tausayi.

A shekarar babban fari ta zo, lokacin da rumbunan garinsu, can gefen gulbin Maraɗi, suka zama wurin kwanan ɓeraye. Baba ya je ya ɗauko ta a kan cewa da zarar ruwa ya dawo zai mayar da ita. Ruwa ya dawo, amma mamana ta haihu, ta sake haihuwa, tsohuwa ta zama mai goyo, shekara ta bi shekara. Sunanta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kirana da komai ba sai takwara. Mace ce gajera mai kaifin baki, kuma in ka ji ana cewa bakina ya yi yawa, to ka san inda na gado shi. Makaroni ba ta yarda abinci ne ba. Takan ce abin da bai shiga turmi ba bai kamata ya shiga ciki ba. Sardin kuwa sai ta leƙa gwangwanin ta ce wannan kifi an yi masa jana'iza tun bara, mene ne na tono shi.

Da rana in zafi ya hana kowa motsi, takan zaunar da ni a inuwar bango ta bi da ni hanyar gida da baki. Ba ta san nisan ko'ina ba, da abinci take auna tafiya. Agadas, dabino da cuku. In an wuce Abalak a soma duba gefen hanya, nan gero na fari zai leƙo. Tabalak, soyayyen kifi daga tabki, wanda da safen nan yake iyo. Tawa, fura mai kauri da nonon da ba a yi wa ha'inci ba. Galmi, albasa tuli-tuli har ido ya yi ruwa daga cikin mota. Madawa, kilishi da tabarmin kaba. Daga nan sai Maraɗi, ƙuli-ƙuli da rake da ɗanyar gyaɗa, sai amalanke ya kai ka gida, a tarbe ka da tuwon sabon gero da miyar ɗanyar kuɓewa. Na haddace wannan jeri kafin na haddace na lakwal, har malaminmu ya taɓa tambayar garuruwan ƙasa na ba shi su da abincinsu, aji ya fashe da dariya.

A garinsu ita ce uwar kiɗan ƙwarya. In ana biki ko suna, mata kan cika babban masaki da ruwa su kife ƙwarya a kai, su jera wasu a ƙasa, su yi ta kaɗawa da 'yan sanduna suna waƙa, kuma babbar ƙwaryar da ke jan sauran a hannunta take. Ta taho da ƙorai biyu, amma iskar Arlit ba ta da imani, kafin shekara duk sun tsage. Sai wata rana ta ɗauki tsohuwar hular kwanon baba ta kife a kan ruwa cikin bahon wanki, ta samo cokula biyu. Ƙarar ba ta da daɗi, wani ƙwas-ƙwas ne kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, amma hannun na gwana ne. A kan wannan hula ta koya mini kiɗa, tana bugun bayan hannuna da cokali duk lokacin da na yi gaggawa.

Daga baya kasuwar ma'adinin ta faɗi. Mu yara ba mu san komai ba sai cewa iyaye maza sun soma dawowa gida da rana tsaka da takarda a hannu. Ranar da ta baba ta zo, an ba mu 'yan kwanaki mu bar gidan site. Muka koma Bukoki, unguwar da ke bayan gari, cikin ɗaki biyu na laka da rufin tsofaffin gangunan ƙarfe da aka buɗe aka miƙe. Ruwa sai an saya a jarka, asibitin kamfani kuma ya zama na waɗanda suka rage. Baba ya koma taya wani maƙeri yin murhun gawayi da bokitai daga tarkacen ƙarfe. Bai taɓa kuka da halin da muka shiga ba a gabanmu, sai dai ya daina dariya da ƙarfi.

Ana cikin haka tawayen Abzinawa ya tashi a duwatsu. Hanya ta zama abin tsoro, aka hana mota fita ita kaɗai. Sai a tara motoci a bakin shinge, motar soja gaba, motar soja baya, a tafi ayari guda, kuma ba kullum ake samun rakiyar ba, wani lokaci sai a yi sati biyu ko uku. Cikin gari ma zama ya canja. Maƙwabtanmu Abzinawa, waɗanda muke karɓar gishiri da wuta a wurinsu, sai ga shi ana gaisawa a tsaye a wuce. Kowa yana tsoron abin da za a ce ya faɗa.

A farkon daminar shekararmu ta biyu a Bukoki ƙafafun kakata suka fara kumbura. In ta je bayan ɗaki ta dawo sai ta zauna tana haki kamar wadda ta yi gudu. Ta daina tsokanar makaroni, abin da ya fi komai tayar mini da hankali ke nan. Wata safiya baba ya durƙusa gaishe ta kafin ya fita, ta riƙe bakin rigarsa.

"Ka kai ni gida," ta ce. "Ba ni son a ruhe ni cikin duwatsun ga. Likkahanina na can wurin ƙanwata, wurina na nan kusa da ubanka. In ga gero tsaye sau guda, shi ke nan."

"Za mu tahi, Inna. Ki ɗan ƙara mini haƙuri in haɗa 'yar tsaraba. Shekara nawa ban je ba, in shiga gari hannu rabbana?"

"Wa ya aike ka tsaraba?"

"Sannu ba ta hana zuwa, Inna."

"Sai dai a daɗe ba a je ba," ta ƙarasa masa, ta saki rigar.

Kada ka yi saurin zagin babana, ni na riga ka, na yi shekaru ina yi a zuci. Sai ka san abin da ake nufi da ɗan Arlit a ƙauyukan kudu a wancan zamani. In ma'aikacin rami ya je hutu, gari ne ke fitowa. Ba a barin kowa: gwaggo turmin atamfa, kawu bargo, mai gari kwalin sukari da shayi, liman farin yadi, tsofaffin unguwa sabulu, yara alewa. A zuwansa na ƙarshe kafin a sallame shi, mai gurmin garin ya bi shi har ƙofar gida yana wasa shi, yana cewa ga wanda ke shiga ƙasa ya fito da arziki. Mutumin da aka yi wa wannan, ka ce ya sauka daga amalanke da tsohuwa marar lafiya da buta kaɗai? A wurinsa wannan tsirara ce a kasuwa. Ba rowa ba ce, ba rashin son uwa ba ne. Kunya ce, kuma na ga kunya ta yi abin da mugunta ba ta yi ba.

Ya sayo akwatin ƙarfe shuɗi ya ajiye a kusurwar ɗaki. Duk abin da ya samu a maƙera sai ya raba biyu, rabi ciki, rabi akwati. Yau sabulu, jibi kwalin sukari, wani satin turmi ɗaya. Ayari na fari ya tashi, akwati ko rabi bai kai ba. Na biyu ya tashi, saura barguna. Kakata ta daina tambaya, sai dai duk ranar da aka ji motoci na taruwa takan sa in fitar mata da tabarma ƙofar gida, ta zauna tana kallon kudu har ƙurarsu ta kwanta. Lokacin na uku komai ya samu sai farin yadin liman. Mamana, wadda ba ta saba sa baki a maganarsu ba, ta ce a tafi haka nan, liman ai malami ne, zai fahimta. Baba ya ce liman ne ya yi wa ubansa salla, ba zai tsallake shi ba. Wannan yadi ya ci mana kwana goma sha tara.

Mun tashi da ayari na huɗu, damina ta ƙare, kaka ta kama. Mamana na da tsohon ciki, don haka ni aka haɗa da su in riƙa kula da tsohuwa. A bayan kamiyo, babbar motar kaya, muka samu wuri, bisa buhuna, mutum kan mutum. Baba ya jingina akwatin da kan motar, ya shimfiɗa bargo, kakata ta zauna ta ba akwatin baya, ni a gefenta. Yini guda muka yi kafin Agadas, babu mai magana da ƙarfi, kowa idonsa na kan duwatsu. A Agadas muka kwana biyu a tasha muna jiran rakiyar kudu. Wata mai abinci ta dama mata fura irin ta can, da cuku da dabino a ciki. Ta kurɓa sau biyu ta miƙo mini. "Da daɗi," ta ce, "amma ba hura ba ce. Bari mu kai Tawa ki sha hura, takwara."

Da muka bar Agadas da sassafe ta ware kamar ba ita ba. Daji ya yi kore bayan ruwa, ciyawa har gwiwa, raƙuma da shanu ko'ina, ni ban taɓa ganin ƙasa da launi haka ba. Tana nuna mini itatuwa tana faɗin sunansu. Ta ɗora hannunta a gwiwata tana kaɗa kiɗan nan da yatsu, a hankali, daidai da girgizar mota. Ta ce in ta yi barci in tashe ta kafin Abalak, ba ta son gero na fari ya wuce ta. Rana ta ɗaga, zafi ya sauko, kanta ya kwanto a kafaɗata. Can yatsun suka tsaya.

Na ɗauka barci ne. Na ƙame ban motsa ba don kada in tashe ta, kafaɗata ta yi tsami, ƙafata ta mutu, ina ta jin daɗin cewa ina yi mata hidima. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba, kuma wannan ne abin da har yau ba na son tunawa. Wata mata da ke fuskantarmu ce ta yi ta kallonta, sannan ta matso ta taɓa wuyanta, ta yi salati a hankali, ta jawo mayafin ta rufe mata fuska.

Baba ya yi ta dukan kan motar da tafin hannu. Direba ya leƙo ya ce ba shi da ikon tsayawa sai soja sun tsaya. Haka muka ci gaba da tafiya da ita a jingine da ni, har ayarin ya tsaya a bakin wani tabkin ruwan sama don a zuba wa motoci ruwa. Baba ya roƙi a bar shi ya kai ta gida ko a haka. Direba ya ce da sauran kwana biyu a wannan rana, ga mutane cike da mota. Wani dattijo cikin fasinja ya dafa shi ya ce, "Malam, ƙasa duk ta Allah ce. Kada ka wahalar da ita." Babban sojan ya duba agogo ya ce ya ba mu awa ɗaya.

A bakin tabkin akwai matan Abzinawa da jakuna da awaki. Da ganin soja sun soma tattara kayansu za su bar wurin, don a kwanakin nan ba a san abin da tsayuwar soja za ta haifar ba. Matar da ta rufe wa kakata fuska ta je ta yi musu magana. Suka dubi juna, suka dubi bindigogi, sannan babbarsu ta sauke tabarmar da ke kan jakinta. Su suka kewaye ta da tabarmi, su suka ɗebo ruwa, su suka yi mata wanka. Mutanen da aka ce mu ji tsoronsu ke nan. Aka nemi likkafani, babu. Baba ya sauko da akwatin, ya buɗe a kan rairayi, ya fitar da sukari da sabulu da atamfa yana ajiyewa gefe, har ya kai ga farin yadin liman. Ya kasa yage shi, sai da dattijon nan ya karɓa.

Da shebur ɗin direba aka yi ramin, ƙarƙashin wata aduwa. Maza suka yi sahu, har da soja biyu da suka jingine bindigoginsu, aka yi mata salla. Aka jera duwatsu, aka ɗora ƙaya saboda dila. Babbar matar nan ta kama fuskata da hannu biyu masu shuɗin rini, ta ce da Hausarta ta mutanen daji, "Kada ka yi kuka, yarinya. Tsohuwa ya gaji, ya kwanta wuri mai kyau. Mu muna nan." Aka busa usur. Baba ya mayar da kaya cikin akwati, muka hau.

Ba mu yi tafiyar awa biyu ba muka wuce Abalak, kuma ga shi nan gefen hanya kamar yadda ta faɗa, gero tsaye, ya fi mutum tsawo, kawunansa sun sunkuya. Daga nan duk abin da ta lissafa mini ya riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya saɓa. A Tabalak mata suka kewaye motar da tiren kifi. A Tawa, inda soja suka rabu da mu, masu fura na ta kira. Baba bai sayi komai ba, yana zaune ya rungume gwiwoyinsa. Ni kuwa yunwa nake ji kamar in mutu, kuma ina jin kunyar yunwar. A wani ƙauye bayan Tawa matar da ta rufe wa kakata fuska ta sayi tumu mai zafi ta murje a tafinta ta zuba a nawa. Na watsa a baki. Wallahi ban taɓa cin abu mai daɗinsa ba, ga zaƙi ga ƙamshin hayaƙi, ina tauna ina kuka, kuma ban daina taunar ba. Albasar Galmi ta wuce, kilishin Madawa ya wuce, ina faɗin sunayensu a zuci kamar mai biya karatu.

Tun muna Arlit baba ya aika da wani direba cewa muna tafe da ayarin nan, amma labarin abin da ya faru ba shi da hanyar da zai riga mu. Da la'asar amalanke ya fito da mu daga cikin gonaki, tun daga nesa muka ji kiɗa. Ƙawayenta ne, tsofaffin da suka yi zamani tare, suka cika masaki da ruwa a ƙofar gidan ƙanwarta suna kiɗan tarba. Sai a ranar na ji yadda ƙwarya ta gaskiya ke magana, wata murya mai zurfi da ake ji a ciki kafin kunne. Yara suka rugo, mata suka biyo su da guɗa. Suka iso suka dubi amalanken: ga baba, ga ni, ga shuɗin akwati. Na ga idanunsu na neman ta huɗu. Guɗar ta yanke a tsakiya, amma masu kiɗan da ke can ƙofar gida ba su gani ba, suka ci gaba har wani ya ruga ya faɗa musu.

An yanka zabi biyu, an tuƙa tuwon sabon gero da miyar ɗanyar kuɓewa, an dama fura a sabuwar ƙwarya, duk don ita. Abincin tarba shi ya zama abincin masu ta'aziyya. Akwatin kuwa aka tura shi bayan ƙofa, ya yi kwana bakwai babu wanda ya dube shi. Ranar sadakar bakwai baba ya jawo shi gaban ƙanwar kakata, wadda muke kira Iya ƙarama, ya buɗe ya soma faɗin wannan na wane, wannan na wance, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ta bar shi ya gama. Sannan ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙunshi daga cikin tukunya, ta kwance a gabansa. Likkafanin ne, fari fat, yana ƙamshin turaren da take sa masa duk shekara saboda gara.

"Shekara takwas ina gyaran wanga," ta ce. "Kai kuma ka tsaya tara muna sukari. Wa ya ce maka sukari muke jira?"

Baba, babban mutum, ya kifa kansa a murfin akwatin ya yi kuka kamar yaro, ban taɓa ganin haka ba kafin nan ko bayan nan. Sukarin dai a gumbar sadaka ya ƙare. Sauran kayan aka raba, kowa ya karɓa ya yi godiya da ido a ƙasa. Liman, da ya ji inda yadinsa ya tafi, ya ce bai taɓa samun tsarabar da ta kai wannan ba.

Mun yi wata guda a garin. Na ga ana yankan gero ana ɗaure dammuna, na ji mata huɗu na lugude a turmi ɗaya suna jefa taɓarya sama suna tafi kafin ta sauko, na ci ɗanyar gyaɗa har cikina ya ɓaci. Mai gurmin nan ya zo gaisuwa ba tare da gurminsa ba. Komai na garin yadda ta faɗa yake, har ya fi, kuma duk abin da na gani sai in juya in gaya mata. Ana gobe za mu koma aka yi suna a maƙwabta, tsofaffin suka fito da ƙorai. Babbar ƙwaryar tana gefe a kife, an ce tun tafiyarta ba wadda ta taɓa ta. Iya ƙarama ta ce, "Takwararta, an ce ta koya miki. Zo mu ji." Na zauna na ɗauki sandunan. Hannuna ya saba da hular kwano, da na buga sai ƙarar ta ba ni tsoro. Ban kai ko'ina ba na ga sauran sun ajiye sandunansu. Wata ta rufe baki da mayafi ta ce, "Hannunta ne. Har inda take jinkirtawa." Ba a ƙarasa kiɗan ba ranar.

Yau shekaru sun tafi. Ramin Akokan an rufe shi, gidajen site da yawa sun zama kango, samarinmu sun koma neman zinariya a Cibarakaten, su ma in za su gida sai sun cika jaka, ba su ji ba su gani ba. Baba ya koma neman kabarin har sau biyu bayan an yi sulhu. Tabkin na ruwan sama ne, in rani ya yi babu ko alamarsa, makiyayan sun tashi, duwatsun kuma rairayi ya shanye. Kwaltar ma ta mutu, yanzu motoci sauka suke yi su bi ta gefe cikin daji, kowane direba da tasa hanyar. Duk lokacin da motar da nake ciki ta sauka daga kwalta a wannan yanki sai in ɗauke ƙafafuna daga ƙasa ban sani ba.

Shekara uku da suka wuce, baba ya tsufa, tari ya kama shi irin na mutanen rami. Wata safiya ina gaishe shi ya ce yana son ganin gida. Ban bar shi ya kai ƙarshen maganar ba. Na rufe shagon ɗinkina, washegari muna cikin mota da tabarma da buta da maganinsa. Da muka bar Agadas ya nemi a ba shi wurin taga. Aduwa ta fari da muka wuce ya ɗaga hannu ya ce, "Salamu alaikum, Inna." Ta biyu ma haka. Wani saurayi a bayanmu ya yi dariya ƙasa-ƙasa, yana zaton ruɗin tsufa ne, na juya na dube shi sau ɗaya ya haɗiye ta. Haka baba ya yi ta yi har Abalak, hannunsa ya gaji ya koma ɗaga yatsa, murya ta ƙare ya koma motsa leɓe, bai tsallake ko ɗaya ba. Ya kai gida, ya yi wata biyu, yana kwance yanzu kusa da ubansa, a gefen da aka bar wa kakata.

Ni ce na rage mai bin hanyar, sau ɗaya a shekara in kaka ta yi. Ina zama wurin taga, kuma ba na barci tsakanin Agadas da Abalak. Aduwa tana da yawa a wannan hanya.